Bakin Ƙofar Gidan Zoo: Maiduguri Tsakanin Neman Iska da Tsoron Taro

Duk wanda ya taɓa yin Sallah a Maiduguri ya san inda yaran gari ke dosa da zarar an sauko daga Idi an ci abinci. Titin Shehu Laminu suke nufa, gidan zoo na Sanda Kyarimi. Tun da hantsi keke napep ke sauke su ɗaya bayan ɗaya: 'yan mata da lalle har gwiwar hannu, samari da hula zanna bukar, iyaye mata cikin laffaya, ƙamshin humra da turaren wuta na biye da su. Babbar yaya ta ƙulle goron Sallar ƙannenta a bakin gyale, kowane taku sai ta waiwaya ta ƙirga su. Kafin la'asar layin sayen tikiti ya miƙe ya bi jikin katanga. Masu ruwan leda da alawa da balan-balan sun kafa tasu kasuwar, masu keke sun cinye rabin titi suna jiran fasinjan komawa, masu motoci kuma kowa ya cusa tasa inda ya ga gurbi, ko da kuwa gurbin ƙofar shagon wani ne.

Da zarar ka samu ka shige, sai ka ji kamar an sauke maka kaya. Ga inuwa, ga fili, yara sun watsu, wasu wajen birai, wasu wajen jimina. Taron da ya matse ka a waje ya narke a ƙarƙashin bishiyoyi. Amma wanda ya zauna a garin nan a shekarun bama-bamai ba ya iya tsayawa a wancan layi na waje hankali kwance. Idonsa na kan motar da aka ajiye aka tafi, da jakar da ke rataye a kafaɗar baƙo, da yawan kawunan da suka taru wuri guda babu hanyar gudu.

Wannan 'yar tazara, daga inda keke ke sauke yaro zuwa inda mai tsaron ƙofa ke yage tikitinsa, ita ce ta fi damuna. A nan haƙƙin yaro na ya fita ya sha iska yake karo da haƙƙin maƙwabci na ya shiga gidansa, da haƙƙin majinyaci na ya isa asibiti, da nauyin da ke kan jami'in tsaro na ya mayar da kowa gida da ransa. Kowannensu yana da gaskiya, kuma dukkansu a bakin ƙofa ɗaya suke haɗuwa.

Yadda mota ta zama abin tsoro

A yawancin garuruwan duniya, rigimar wurin shaƙatawa da unguwar da ke kewaye da shi ba ta wuce hayaniya da shara da wanda ya tare wa wani ƙofar gareji. A Maiduguri maganar ta fi haka nauyi, domin a nan an ga abin da motar da aka yi fakin za ta iya yi.

Bayan tarzomar Boko Haram ta watan Yulin 2009 da kashe Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda, gari ya ɗan yi shiru, sannan aka shiga kisan ɗauki ɗaiɗai a kan babura. A watan Yulin 2011 gwamnatin Kashim Shettima ta haramta babur a cikin birnin baki ɗaya, na haya da na gida. Daga nan keke napep ya zama ƙafar talaka, kuma daga nan fasalin cunkoson garin ya sauya, tunda wurin da keke ɗaya zai tsaya ya ishi babura uku. A wannan shekarar dai aka kai harin mota a hedikwatar 'yan sanda ta Abuja a ranar 16 ga Yuni, kuma a filin ajiye motoci bam ɗin ya tashi. A ranar 13 ga Yulin 2012 ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam bayan sallar Juma'a a babban masallacin da ke kusa da fadar Shehu, inda Allah ya tsare Mai Martaba Shehu Abubakar Ibn Umar Garbai El-Kanemi da mataimakin gwamna Zanna Umar Mustapha, wasu bayin Allah kuma suka rasu. A watan Mayun 2013 shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, kuma a tsakiyar shekarar matasan unguwanni suka ɗauki gora da adda suka fito, waɗanda har yau ake kira 'yan gora.

Shekarar 2014 ita ce ta koya wa mutanen gari tsoron taro. A watan Janairu mota ta fashe a yankin gidan waya, ranar hutun Mauludi. A ranar 1 ga Maris wasu bama-bamai biyu suka tashi a jere a wata unguwa mai cunkoso, na biyun ya ritsa da waɗanda suka rugo ceton na farko, kuma cikin mamatan akwai masu kallon ƙwallo. A ranar 1 ga Yuli wata mota ta tashi a bakin Kasuwar Monday. Da ƙaramar Sallah ta zo a ƙarshen wannan wata, sai hukumomin tsaro suka hana zirga-zirgar ababen hawa na kwana uku. Mutane suka tafi Idi a ƙasa, suka yi zumunci a ƙasa. An maimaita irin wannan doka a lokacin Kirsimetin shekarar da kuma wasu Sallolin da suka biyo baya. A watan Maris na 2015 aka sake kai hari rana ɗaya a kasuwar kifi ta titin Baga da Kasuwar Monday da tashar Borno Express. Ko a 2019, lokacin da ake cewa ƙura ta lafa, an kashe mutum kusan 30 a wani gidan kallon ƙwallo a Konduga.

Dubi jerin nan da kyau: kasuwa, masallaci, tasha, gidan kallo. Duk inda talakawa ke taruwa don sayayya ko ibada ko nishaɗi. Yaron da aka haifa a 2009 ya girma yana jin kalma ɗaya daga bakin mahaifiyarsa duk lokacin da ya nufi ƙofa: kada ka shiga taro. Idan yau wani dattijo da gidansa ke kallon filin wasa ya ce ba ya son baƙin motoci a jikin katangarsa, kada a yi masa kallon mai son kai. Ya je jana'izar da ta koya masa hakan.

Abin da maƙwabta ke ɗauka

Ko an ajiye maganar bam a gefe, zama kusa da wurin da jama'a ke tururuwa yana da nasa nauyin. Titin Shehu Laminu babbar jijiya ce ta gari. Asibitin Ƙwararru na jiha yana kansa, ga bankuna da ofisoshin gwamnati, ga hanyar gidan waya da Kasuwar Monday ba nisa. Ranar da keke da motoci suka toshe shi, mai naƙuda da wanda aka kwaso daga hatsari su ma suna cikin wannan gosulo. Mai shago na iya cin ribar taron, amma wanda sana'arsa ba ta shafi yara ba, ranar ta zame masa ta asara, tunda abokin cinikinsa ba shi da inda zai tsaya.

A cikin unguwanni kuma ƙorafin ya sha bamban. Filin da yara ke buga ƙwallo da rana, idan dare ya yi babu fitila, wasu ne ke gadonsa. Iyaye na kukan shaye-shaye da ƙwacen waya, da samarin da ba 'yan unguwa ba da ke zuwa su yi dandazo har tsakar dare. Garin ya shafe kusan shekara biyu cikin duhu bayan da aka fasa turakun wutar da ke tahowa daga Damaturu a farkon 2021, sai a watan Maris na 2023 shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe tashar wutar gas mai ƙarfin megawat 50. A irin wannan duhu, fili marar mai kula abin fargaba ne ga duk uwar da ke da 'ya mace. Shi ya sa sau da yawa idan aka ji an yanka wani fili an sayar, ko an zagaye shi da katanga an sa kwaɗo, ba kowa ke baƙin ciki a unguwar ba. Wasu har ajiyar zuciya suke yi.

Na fahimci wannan ajiyar zuciya, amma ban yarda ita ce mafita ba. Yaran da aka rufe wa fili ba sa komawa ɗaki su zauna. Suna komawa kan kwalta su kafa duwatsu biyu a matsayin raga, ko su gangara bakin kogi, ko su tafi inda idon babba ba ya kaiwa. Haɗarin yana nan, an dai kawar da shi daga gaban wanda ya yi ƙorafi.

Garin da aka gina a kan dandali

Abin da ya sa wannan ke ci mini rai shi ne, Borno ba baƙuwar fili ba ce. Kalmar dandali da mu Hausawa ke amfani da ita ga filin wasan 'yan mata da samari, daga bakin Barebari muka karɓo ta. A tsarin garin Kanuri, dandal shi ne faffaɗan filin da ke miƙewa daga ƙofar fada ya nufi yamma, gidajen manya da masallaci na kallonsa ta gefe da gefe. Kukawa, wadda Shehu Muhammad al-Amin El-Kanemi, wato Shehu Laminu, ya kafa a 1814, haka aka tsara ta, kuma baturen Jamus Heinrich Barth da ya isa can a 1851 ya ba da labarin dandal ɗinta da irin kai-kawon mahaya da masu tafiya a ƙasa da ke cikinsa. Bayan Rabeh ya rusa Kukawa a 1893, Turawa kuma suka zo, Shehu Abubakar Garbai na wancan zamani ya dawo Yerwa, wato Maiduguri ta yau, a 1907, aka sake shata dandal a gaban sabuwar fada. Titin Dandal na yau shi ne gadon wannan tsari.

Dandal ba shi da katanga, ba shi da tikiti, ba shi da lokacin rufewa. Abin da ke tsare shi idanu ne. Ƙofofin gidaje na kallonsa, dattawa na zaune a gefensa, dogarai na wucewa, kowa ya san ɗan wane ne wancan. Baƙo ba ya daɗewa ba a tambaye shi wajen wa ya zo ba. Haka ma majalisun da ke ƙarƙashin itatuwan dogon yaro, waɗanda aka dasa a titunan garin tun zamanin Turawa har suka zama alamar Maiduguri. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, inuwar dogon yaro ita ce wurin shaƙatawar da ba a biyan ko sisi, kuma mazauna gindinta su ne 'yan sandan layin na farko. Ko 'yan gora da suka taimaka aka kori masu tayar da ƙayar baya daga cikin gari a 2013, ba bindiga ce ƙarfinsu ba. Sanin fuskar kowa a unguwa ne.

Gidan zoo kuwa tunanin wani zamani ne daban. An kafa shi a 1970, lokacin da Maiduguri ke hedikwatar Jihar Arewa Maso Gabas a ƙarƙashin gwamna Musa Usman, aka sa masa sunan Shehu Umar Sanda Kyarimi wanda ya riƙe sarautar Borno daga 1937 zuwa 1967. Zamani ne da kowace sabuwar jiha ke son ta nuna ta isa, kuma a farkon shekarun 1970 ɗin ne Audu Bako ya gina na Kano. Waɗanda suka shata wurin sun yi wa garin da suka sani lissafi: gari madaidaici, motoci ƙalilan, yawancin mutane a kan keken hawa ko a ƙasa. Ba su yi lissafin birnin da zai haɗiye dubban ɗaruruwan 'yan gudun hijira daga Bama da Gwoza da Dikwa da Monguno da Baga ba. A shekarun da hijira ta yi tsanani, makarantu da rukunin gidajen gwamnati da filayen da ba a gina ba duk sun zama sansani. Gwamna Babagana Umara Zulum ya rufe sansanonin gwamnati na cikin birni, ciki har da na Bakassi a ƙarshen 2021, amma da yawa daga cikin mutanen sun zama 'yan gari, 'ya'yansu ba su san wani gida ba sai nan. Gari ya ninka, filin wasa bai ƙaru ba, sai ma raguwa da ya yi.

A nan tushen cunkoson bakin ƙofar yake. Idan birni mai wannan girma yana da wuri ɗaya tak da kowane yaro ke mafarkin zuwa, kuma a shekara kwana shida ko bakwai ne iyaye ke da sukuni da kuɗin kai shi, dole ranar ta zama ambaliyar mutane. Yaron Bulumkutu da na Gwange da na Ngomari da na Mairi duk sai sun hau keke sun ratsa gari sun haɗu a ƙofa ɗaya.

Ba na mantawa da ranar 23 ga Fabrairun 2021, da aka harbo rokoki daga bayan gari suka faɗa Gwange da Adam Kolo, kuma cikin waɗanda suka rasu akwai yaran da ke buga ƙwallo a wani fili a Gwange. Wani zai ce ga hujjar hana yara fita. Ni abin da na gani a ciki daban ne. Bayan shekara goma sha biyu ana yaƙi, yaran nan da yamma ta yi fili suka nema. Roka ba ta tambayar ko kana fili ko kana ɗaki, kuma babu katangar da za ta tare ta. Abin da katanga da shinge za su iya tarewa shi ne mota da jaka, don haka a kansu ya kamata a tattara hankali.

Daren da ruwa ya buɗe keji

Sai kuma ga wata barazanar da ba wanda ya sa a lissafin tsaro. A daren Litinin wayewar Talata 10 ga Satumban 2024, madatsar ruwa ta Alau da aka gina a tsakiyar shekarun 1980 ta ɓalle bayan mamakon ruwan sama. Kogin Ngadda ya tumbatsa ya shiga gari fiye da yadda ya yi a 1994. Ruwa ya mamaye Gwange da Kasuwar Monday da yankin gidan waya da fadar Shehu, ya shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ya rusa katangar gidan yari har fursunoni fiye da 270 suka tsere. Gwamnatin jiha ta ce abin ya shafi mutum kusan miliyan ɗaya.

Gidan zoo, wanda ke kusa da kogin, yana cikin inda ruwan ya fi yi wa ɓarna. Babban manajansa, Ali Abatcha, ya sanar cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na dabbobin sun mutu, ya kuma gargaɗi jama'a cewa ruwa ya kwashi kadoji da macizai ya shiga da su unguwanni. Hoton jimina tana tafiya a kan titi cikin ruwa ya zagaya Facebook da WhatsApp a duniya. Ga mutanen da ke ratsa ruwa har ƙirji da yara a wuya, labarin kada a cikin ruwan ba abin kallo ba ne.

Tun daga ranar, duk wanda zai yi maganar gidan zoo da amincin maƙwabtansa dole ya haɗa da wannan. Gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina madatsar Alau, aka kuma ƙaddamar da aikin a 2025. Amma kogi yana nan inda yake, damina kuma sai ƙara rikicewa take yi. Tambayar da ruwan ya bari ita ce ko ya dace a ci gaba da ajiye namun dawa masu haɗari a bakin kogi a tsakiyar gari.

Kano ta taɓa shiga irin wannan muhawara, lokacin da gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta bayyana niyyar ɗauke gidan zoo na Audu Bako zuwa Tiga, da hujjar cewa gari ya cim masa kuma hayaniya na damun dabbobi. Mutane da yawa sun ƙi, kuma abin da ya fi tayar musu da hankali shi ne makomar filin: sun san idan dabbobi suka tashi, shaguna da filoti ne za su sauka. Wannan tsoro halal ne, kuma ya kamata Maiduguri ta ɗauki darasi. A ganina maganganu biyu ne da bai kamata a cakuɗa su ba. Inda zaki da kada za su zauna magana ce ta masana dabbobi da injiniyoyin ruwa, kuma idan sun ce a ɗaga keji ko a kai masu haɗarin tudu, to a yi. Filin da bishiyoyinsa kuwa na mutanen gari ne, kuma bai kamata a taɓa ko taku ɗaya daga cikinsa ba. Fili mai bishiya a bakin kogi ma aiki yake yi ranar ambaliya, domin yana shan ruwan da siminti zai tura gidajen mutane.

Gyara daga waje

Idan aka yarda cewa haɗarin ya fi yawa a waje, to daga waje za a fara gyara. A ranar 27 ga Maris 2016, a birnin Lahore na Pakistan, ɗan ƙunar baƙin wake ya kashe mutum fiye da 70 a wurin shaƙatawa na Gulshan-e-Iqbal, yawancinsu mata da yara, kuma a kusa da ƙofa da wajen lilon yara ya tayar da bam ɗin, inda jama'a suka fi matsuwa. Binciken jiki a ƙofa yana da amfani, amma idan binciken ya tara mutum ɗari biyar a layi ɗaya a bakin titi, to an kare na ciki ne an miƙa na waje. Ƙofa ɗaya da tagar tikiti ɗaya su ne ke haifar da layin. A ranakun Sallah da Kirsimeti ana iya buɗe ƙofofi da yawa, a ware na mata da yara da mata masu bincike, a raba ƙofar shiga da ta fita, a kuma sayar da tikiti tun kafin ranar a unguwanni, yadda yaro zai iso da takardarsa a hannu ya wuce.

Sai maganar abin hawa, wadda ita ce ta fi wuya domin tana taɓa manya. Mai mota a garuruwanmu ya saba ya tsaya daidai inda za shi, kuma idan aka ce ya matsa gaba sai ya ji an raina shi. Amma babu dalilin da zai sa mota ta kwana awa uku a jikin katangar da yara dubu ke bi. A ware fili nesa kaɗan, a sa masu gadi da rasit, kowa ya ajiye ya tako, babba da yaro, mai lambar gwamnati da marar ita. Ranar da aka bar motar wani babba ta tsaya a ƙofa, dokar ta mutu, domin mai keke yana kallo. Shi kuma mai keke a ba shi wurin saukewa da wurin ɗauka daban, a shata masa da fenti da igiya, tunda shi ne ke kawo mafi yawan jama'ar, kuma korarsa da gora ba ta hana shi dawowa bayan minti biyar. A bar layi ɗaya na titin a buɗe saboda asibiti, ko me ake ciki. Wannan aikin hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta BOTMA ne da 'yan sanda da shugabannin ƙungiyar masu keke, kuma zama ɗaya kafin Sallah ya isa a tsara shi.

Gwamnatin jiha ta nuna tana iya manyan ayyukan hanya. Gadar sama ta Kwastam, wadda Buhari ya buɗe a watan Disambar 2021, ita ce ta farko a jihar, wasu kuma sun biyo bayanta. A watan Disambar 2023 shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da motocin safa da tasi masu amfani da lantarki da gas. Waɗannan motocin za su iya yin jigilar yara daga manyan unguwanni a ranakun biki a farashi mai sauƙi. Safa ɗaya na ɗaukar abin da keke goma ba za su ɗauka ba, tana saukewa ta wuce, ba ta tsayawa jira.

Akwai kuma maganar kuɗin shiga, wadda ake yawan amfani da ita a matsayin matatar tsaro ba tare da an faɗa ba: a tsauwala farashi, taro ya ragu, waɗanda ake kira 'yan iska su daina zuwa. A Alƙahira, lambun Azhar da aka buɗe a 2005 a kan tsohon juji ana biyan kuɗi kafin a shiga, amma an rangwanta wa mazauna unguwannin talakawa da ke kewaye da shi, aka kuma ɗauki 'ya'yansu aiki a ciki. A Maiduguri, inda marayun yaƙi suka cika gari, tikitin da zai hana maraya shiga zalunci ne. Kuma maƙwabcin da ɗansa ke aiki a wurin, ko matarsa ke da rumfar sayar da abinci da izini, shi ne zai fara kai rahoto idan ya ga abin da bai gane ba.

Amma duk waɗannan rage zafi ne. Maganin cunkoson wuri ɗaya shi ne a samu wurare da yawa. Ƙaramin fili a kowace unguwa, wanda yaro zai taka da ƙafa ya je, ba ya buƙatar wurin fakin ko kaɗan, kuma ba ya tara baƙin fuska. Bai buƙaci zaki ko giwa ba. Dogon yaro goma, lilo, benci, famfo, fitilar sola, da gajeriyar katangar da mai wucewa zai iya leƙawa ya ga ciki. Doguwar katanga tana ɓoye mai laifi ne. A sa shi a hannun bulama, wato mai unguwa, da kwamitin unguwa, da mata a cikin kwamitin, domin su ne suka san lokacin da 'ya'yansu mata za su iya fita da lokacin da ba za su iya ba. A tsayar da lokacin buɗewa da na rufewa da yardar waɗanda gidajensu ke kallon wurin, a ware wasu ranaku ko wasu awoyi ga mata da ƙananan yara kaɗai, kada samari masu ƙwallo su mamaye shi kullum. 'Yan gora biyu na unguwar, waɗanda suka san kowa, sun fi baƙon soja goma amfani a irin wannan wuri.

Filayen suna nan idan ana so. Akwai inda sansanonin hijira suka tashi. Akwai filayen makarantun firamare da ke kulle daga azahar har wayewar gari. Akwai gaɓar Ngadda, inda ambaliya ta nuna ƙarara cewa bai kamata a sake gina gidan kwana ba, kuma idan aka bar wurin haka nan babu bishiya babu mai shi, cikin shekara biyar wasu za su sake kafa tubali. Hukumar BOGIS da ke riƙe da taswirar filayen jihar tana da ikon ta shata irin waɗannan wurare, ta yi musu takarda da sunan jama'a, ta buga jerinsu kowa ya gani, yadda ranar da wani ya zo da tifar yashi mutanen unguwa za su san abin da za su nuna masa.

Yaran da aka haifa a shekarar da aka hana hawa mota ranar Sallah yanzu sun shiga sakandare, wasunsu ma su ne ke riƙe hannun ƙannensu a layin tikiti. Sallah mai zuwa za su sake fitowa da sababbin kaya, su tsayar da keke, su ce a kai su titin Shehu Laminu.